Eriyar Limanti

Tunda magana ta riga ta kai Kasuwar Kwastam, kuma kowa yana zuba mata gishiri gwargwadon hassadarsa, gara ku ji ta daga bakin mai ita. Da farko dai, ni ban maƙale a kan rufin gidana ba, aiki nake yi a can. Sannan takalmin da aka gani a ƙafata ba nawa ba ne, kuma ba ni na zaɓi launinsa ba.

Sunana Abdulnasir, dillalin gidaje da filaye a unguwar Limanti. Amma tun ranar da na gyara fankar masallacinmu da tsinken tsintsiya ake kirana Injiniya. Gaskiya ne ni na fara kiran kaina da sunan, sai dai ai da jama'a ba su ga cancanta ba da bai bi ni ba. Faɗowar da fankar ta yi daga baya kuwa, wannan tsakaninta da silin ne.

Asalin maganar daga Humaira ne, 'yata ta fari. Ta dawo daga makaranta tana tsalle, wai an zaɓe ta ta wakilce su a muhawarar ɗalibai, kuma gidan talabijin na jiha zai nuna kai tsaye ranar Asabar ta sama, bayan azahar. Abin da za a yi gardama a kai shi ne, fasahar zamani alheri ce ko wahala. Ita aka bai wa ɓangaren alheri.

"Baba, abu ɗaya nake so," ta ce. "Ka yi mini alkawari Kaka za ta gan ni."

"Kakarki kaɗai? Duk Limanti za ta gan ki. A gidan nan, a talabijin ɗin nan, tar kamar a madubi."

Kakar nan ita ce Ya Gana, mahaifiyar matata Falmata, tana zaune a unguwar Abbaganaram. Tun ranar da aka ɗaura aurenmu ta gaya wa danginta cewa ta duba ni sama da ƙasa ba ta ga amfanina ba, kuma har yau ba ta janye ba. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ko ina durƙushe a gabanta, ta bakin 'yarta take aiko mini da saƙo. Wasu suna cewa kunyar surukuta ce. Ni na san ba kunya ba ce.

A cikin makon nan ne kuɗin dish ya ƙare, allon talabijin ya fito da saƙon nan nasa na rashin kunya da yake fitowa duk ƙarshen wata. Na dube shi, ya dube ni. Da yamma na fita majalisarmu ta gindin dogonyaro, inda na tarar da maƙwabtana biyu. Akwai Dzarma, tsohon malamin makaranta ɗan Biu, wanda muke ce wa Tica, gidansa yana jingine da nawa ta yamma. Akwai kuma Alhaji Ba'ana mai sayar da hulunan zanna, maƙwabcina ta gabas, mutumin da maganarsa ta yini ba ta cika cokali.

"Ni kam na saki dish," na ce ina kurɓar shayi. "Saki uku, babu kome."

"To amaryar daga ina?" in ji Dzarma.

"Daga Kwastam. Wani ɗan akwati ne, bai kai sabulun wanka ba, duk tashoshin duniya suna cikinsa ta intanet. Sai kuma eriya ta tashoshin gida, wadda iska ke kawo wa hoto kyauta."

"Tun da na zo garin nan ban ga iskar Maiduguri ta kawo wa kowa komai ba sai zafi."

"Tica, kai a zamanin allo da alli ka tsaya. Ku ci gaba da biyan haraji duk wata, ni na samu 'yanci."

Alhaji Ba'ana ya ce, "Uhm."

Babban mutum ba ya yin abu a ɓoye. Na gayyace su cikin gida, na karɓi almakashin ɗinkin Falmata, na kama wayar dish ɗin da ke jikin katanga.

"Baban Humaira," in ji Falmata, "ka bari a yi muhawarar nan tukuna. Tashar jiha tana cikin dish ɗin nan, tas take fitowa."

"Tashar da hasumiyarta ke cikin garin nan, sai na biya wani a ƙasar waje ya nuna mini ita? Matsa."

Na datse wayar. Don kada shaiɗan ya raya mini komawa, na ba mai sayen tsofaffin ƙarafa dikodar, faifan dish ɗin kuma na yi wa Alhaji Ba'ana kyautarsa. A ranar awakinsa suka fara cin dusa a ciki.

Washegari na hau keke napep zuwa Kwastam, shagon wani Habib. Da ganina ya gane ni Injiniya ne, bayan na gaya masa.

"Tashoshi nawa ne a ciki?" na tambaye shi ina juya akwatin.

"Injiniya, ka taɓa ƙirga yashin kogin Ngadda?"

Ya haɗa mini da eriya mai siffar ƙashin bandar kifin Baga, ya ce akwatin ba ya cin komai sai ɗan intanet da zai riƙa tsotsa daga wayata. Yadda ya faɗi "ɗan" nan, kai ka ce jariri ne.

Matan unguwa sun saba taruwa a gidana bayan la'asar don kallon wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, har da Florence matar Dzarma. Su na fara yi wa baje koli. Na haɗa wayoyi, na danna rimot da ɗan yatsa ɗaya ina kallon gefe, yadda gwanaye ke yi. Sai wani zobe ya fito tsakiyar allo yana ta juyawa.

"Wannan fa?" in ji Falmata.

"Tunani yake yi. Na'urar zamani ba ta gaggawa."

Ya yi tunani har shayin Florence ya huce. Da hoto ya zo, sai ga wasu Turawa a kan ƙanƙara, sun tasa wani dutse a gaba suna share masa hanya da tsintsiya.

"Ko ba komai," in ji Florence, "mazan can suna shara."

Da ƙyar na lalubo musu wasansu. An zo daidai inda jarumar ta ɗaga hannu za ta wanke wani maƙaryaci da mari, sai wayata ta yi ƙara. Hoto ya daskare, hannu a sama.

"Kashe," in ji matan gaba ɗaya.

"Mai neman gidan haya ne."

Falmata ta riga ni kai hannu. "Malam, Injiniya yana nan lafiya, amma wayarsa tana nuna mana fim. Ka kira bayan magariba."

Daga ranar aka kafa doka: in zan fita da yamma, wayata ta zauna a gida. Dillali ba waya kuwa makaho ne ba sanda. Na yi ta yawo a ƙafa ina neman mutanen da su ma suke nemana, akwatin kuma yana can yana tsotsar data kamar maraƙin da aka yaye da wuri.

Ranar ƙwallo Dzarma ya shigo, wai ya zo ya ga 'yanci da idonsa. Muka yi yarjejeniya, wanda hasashensa ya faɗi shi zai riƙa dafa shayin majalisa har wata ya mutu.

"Wannan kwanar za ta shiga," ya ce. Ta shiga.

"Wannan fanaretin zai zubar." Ya zubar.

Na fara matsawa daga kusa da shi ina karanta abin da ya sawwaƙa. Sai can na lura, duk sa'ad da zai yi magana sai an fara buga turmi a bayan katanga. Ashe akwatina yana tafe ne a bayan duniya. Kafin ƙwallo ta iso gidana, a dish ɗin Dzarma har an gama murna, Florence tana kallo tana aiko masa da labari da taɓarya. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara tarbiyya ke nan. Har yanzu ni nake dafa shayin.

Duk wannan bai dame ni ba, sai da na zauna neman tashar jiha. Akwatin ya san tashar masunta ta wata ƙasa da harshena ba ya iya faɗin sunanta. Ya san tashar da ba a nuna komai sai itace yana ci da wuta. Tashar da ke bayan gidanmu ce bai taɓa jin labarinta ba. Na kira Habib, ya ce ai wannan aikin eriya ne, shi ya sa ya haɗa mini.

Na kafa eriya a falo, allo ya cika da yayyafi. Na kai ta taga, sai ga inuwar mai karanta labarai babu kai. Nan basira ta motsa. Na buɗe kabet ɗin Falmata, inda tukwanen aurenta suke jere ba a taɓa ɗora su a wuta ba, na zaro murafe biyu masu ƙyalli na ɗaure a fikafikan eriyar.

"Murfin tukunyar aurena nake gani a can?"

"An ɗaga darajarsa. Da a kabet yake yana shan ƙura, yanzu da sararin samaniya zai riƙa magana."

Na ɗaura eriyar a doguwar gora na tsaya da ita a tsakar gida. Kan mai labarai ya fito, muryarsa ta tafi. Duk mai ilimin abin ya san ma'anar wannan: tsawo take so. Sai rufi.

Tsani ɗaya ne a layinmu, na Alhaji Ba'ana. Da na je aro ya yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"Ka san ƙa'ida. Kafin ka hau, ka yi shela."

Ƙa'idar unguwa ce tun kakanni. Gidajenmu a manne suke, wanda ya hau rufi ko bishiya yana ganin tsakar gidan kowa. Don haka duk mai hawa sai ya tsaya ya ɗaga murya ya ce, gafara dai masu gida, za a hau sama, ya kuma dakata har mata su yi lulluɓi ko su shige ɗaki. Na ce masa, haba Alhaji, ni za a koya wa zaman unguwa?

Da na so, da tun ranar Juma'a na ɗora eriyar. Amma abin da za a yi sau ɗaya a tarihi, me ya sa za a yi shi babu 'yan kallo? Maimakon haka na zaunar da Humaira na gyara mata jawabi.

"In kin zo ƙarshe ki ce musu, ga misali daga gidanmu. Mahaifina, Injiniya Abdulnasir, ya 'yantar da mu daga dish. Yanzu haka yana zaune a kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana shan sanyin fanka, yana kallona tar ba tare da ya motsa ko ɗan yatsa ba."

"Baba, wannan ba ya cikin abin da malama ta rubuta."

"Malamar taku ta taɓa datse wayar dish? Maimaita."

Asabar ta zo da irin zafin nan da ƙadangare ke neman inuwa. Na saka babbar rigata ta shadda, na kafa zanna, na feshe jiki da turare, na zura sabon takalmi. Aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, maza a gefe, mata a gefe. Gida ya cika. Ƙamshin turaren wuta ya riga keke napep isowa, na san Ya Gana ce. Na tare ta a zaure na durƙusa, na gaishe ta da Kanuri.

"Wushe, wushe. Lale, sannunku da zuwa."

"Falmata, gaya wa mijinki na amsa. Ki kuma gaya masa jikata na zo gani, ba shaddarsa ba."

Aka zaunar da ita a kujerata, wadda ke daidai gaban allo. A allon kuwa yayyafi ake ta yi. Na miƙe na yi wa jama'a ɗan taƙaitaccen bayani a kan yadda hoto ke tafiya a cikin iska, har Dzarma ya nuna mini agogonsa. Na jingina tsani, na tuɓe takalmi a gindinsa don kada ya goge, na tattare riga, na ɗauki gora.

A nan ne maƙiya suke cewa na manta da shela. Ban manta ba. Amma ku duba lamarin da idon adalci. Mutum yana gaban surukarsa da baƙi, cikin shadda, ya tsaya yana ƙwala ihu kamar mai tallan kananzir? Na ce a raina, yanzu zan hau in ɗaure in sauko, ko ƙuda ba zai sani ba.

Ƙafata tana taɓa kwanon rufin na gane dalilin da ya sa masu gyaran rufi suke hawa da sassafe. A kan kwanon nan ana iya toya waina. Na ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta kai ƙara. Na ɗaga ta hagu, ta dama ta ce ba ta yarda ba. Haka na riƙa juya gora ina taka rawar da ba a koya mini ba, Dzarma yana ba ni rahoto daga ƙasa.

"Bai yi ba. Bai yi ba. Ya ɗan yi. Ka wuce shi, dawo. Injiniya, rawar ta mece ce?"

"Gwajin kwano nake yi."

Na juya arewa, babu. Kudu, babu. Da na fuskanci gabas, na miƙa hannu na kama ƙarfen eriyar don in daidaita murfin tukunya, sai na ji gida ya ɗauki sowa.

"Ya yi! Tsaya a nan, kada ka motsa."

Na tsaya, na buɗe ƙirji, na sauke ido don in ga gabas ɗin da ta ba ni nasara. Gabas kuwa tsakar gidan Alhaji Ba'ana ce. Ashe ana shirin biki a danginsu. Matarsa da 'yan'uwanta sun baje a tabarma, kawuna a buɗe ana kitso, ga tukwane a kan wuta. Mafi muni, duk sun ƙunsa lalle, ƙafafu a ɗaure cikin leda. Wata ta ɗaga kai, muka haɗa ido. Salatin da ya tashi, na tabbata an ji shi a Abbaganaram. Masu son gudu suka kasa, sai tsalle da duga-dugai da rarrafe. Wata ta kifa kwando a kanta.

Alhaji Ba'ana yana zaune a tabarmata yana shan kunun ayata. Ya ajiye kofi. Ya miƙe. Ya zo gindin katanga, ya ɗauki tsaninsa ya saɓa a kafaɗa.

"Alhaji, tsanin fa?"

"Nawa ne."

Ya fice. Jim kaɗan sai ga muryarsa daga cikin gidansa: "Juya bayanka."

Na juya. Hoto ya tafi, gidana ya ɗauki kuka.

"Falmata," in ji Ya Gana, ba ta ko ɗaga murya ba, "gaya wa mijinki na ga an fara jera yara a kan kujeru. In hoton nan bai dawo ba zan tafi, kuma ba ni kaɗai zan tafi ba."

Na juyo gabas. Hoto ya dawo, salati ya dawo. Na yi dabarar jingina gorar in ɗaure ta da igiyar wandona in koma gefe, amma ina sakin ƙarfen sai yayyafi. In na kama, hoto tar. Abin ya fito fili: eriyar nan ba ta aiki sai da jikina. Ban yi mamaki ba, na daɗe da sanin akwai wani abu a jinina.

"Alhaji," Dzarma ya yi kira ta kan katanga, "a taimaka mata su shiga ɗaki, muhawarar ba ta da tsawo."

"Abinci yana wuta. Gidana ba zai zama kurkuku don wani ya hau sama ba sallama ba."

"To in aka rufe masa ido fa?"

Sai Alhaji Ba'ana ya ce, "Uhm."

Ban san wanda ya ba Tica izinin yin sulhu da idanuna ba. Kafin in buɗe baki, Ya Gana ta zaro wani ɗankwali ruwan ɗorawa daga jakarta. Ɗankwali ba ya tashi sama shi kaɗai, sai da nauyi, don haka Falmata ta tuɓe silifas ɗinta aka naɗe a ciki, Dzarma ya wurgo mini. Silifas ruwan hoda ne, da fure a kan kowane. Rabin ƙafata ya shiga, diddige yana waje. Duk wanda ya ce da shi ne ba zai saka ba, bai taɓa tsayawa a kan kwano bayan azahar ba.

Na ɗaure ido, na kama ƙarfe, na fuskanci gabas.

Mutum in an rufe masa ido kunnensa yana buɗewa. Na ji keke napep ya tsaya a titi, na ji wani ya tsaya a bayansa, na ji mai rake ya ajiye baro.

"Wane ne wancan?"

"Injiniya ne."

"Hukunci aka yanke masa?"

"A'a, ina jin ruƙiyya ce. Ka ga murfin tukunya."

"Matsa in ɗauka, kana tare mini."

Na so in yi musu bayani, amma ina buɗe baki sai Dzarma ya ce magana tana girgiza hoto. Ƙuda ya sauka a hancina ya yi zamansa. Gumi ya bi shaddar nan tun daga wuya har gwiwa. Hannuna ya gaji, daga ƙasa aka ce in canza hannu a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Sai na ji ta. Muryar Humaira, daga ƙarƙashin rumfata, tana gaida alƙalai ba ko gargada. Yarinyar da jiya-jiya nake ɗora wa a wuya in kai ta kallon raƙuma, yau ita ce take jero hujja, tana ƙaryata wata 'yar makarantar da ta ce fasaha wahala ce. Na ji Ya Gana tana faɗin wani abu da Kanuri a hankali, irin muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Na ji Florence tana tambaya wa ya ɗaura mata hijabin nan, ya yi mata kyau. Ni dai abin da nake gani shi ne ruwan ɗorawa. Ɗankwalin ya jiƙe daidai wajen idanu, amma na riga na gaya muku ana zafi.

Na shagala har na manta da abin da ke tafe.

"A ƙarshe," in ji Humaira, "ga misali daga gidanmu. Mahaifina, Injiniya Abdulnasir, ya 'yantar da mu daga dish. Yanzu haka yana zaune a kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana shan sanyin fanka, yana kallona tar ba tare da ya motsa ko ɗan yatsa ba."

Ban taɓa jin dariya ta tashi daga ƙasa ta daki tafin ƙafar mutum ba sai ranar. Ta fara daga rumfata, ta tsallaka titi da aka isar musu da labari, ta faɗa gidan Alhaji Ba'ana, inda masu lalle suka manta da fushi. Har awakin da ke cin dusa a dish ɗina sai da suka sa baki.

"Ta ƙarshen dai gaskiya ce," in ji Dzarma yana tari. "Kada ka motsa ko ɗan yatsa, za a faɗi sakamako."

Makarantarsu ce ta ci. Shugaban alƙalai ya yaba da misalin da ta kawo daga gida, mai gabatarwa kuma ya ce suna miƙa gaisuwa ga Injiniya Abdulnasir a duk inda yake hutawa.

Aka kashe talabijin, aka fito da burabusko, na ji ƙarar cokula. Babu wanda ya tuna da wanda ya kawo hoton. Na saki ƙarfe, amma hannun ya ƙi saukowa, ya tsaya a sama kamar na jarumar fim ɗin Falmata. Ɗankwali kuwa an ce kada in kwance, don har yanzu ana kitso. Sai bayan la'asar na ji ƙarar tsani a jikin katanga. Na laluba da ƙafa, na ji wayam, an janye shi.

"Shela," in ji Alhaji Ba'ana.

"Alhaji, ai saukowa zan yi."

"Wanda bai yi ta hawa ba, ya yi ta sauka."

Na gyara murya, na ce a hankali, gafara dai masu gida.

"Ba su ji ba."

Na cika ƙirji na ƙwala, yadda ko mai tallan kananzir zai yi mini hassada: "Gafara dai masu gida, za a sauko daga sama!"

Titi ya amsa da tafi. Na sauko ina lalube, silifas yana tsalle a ƙafata. Ina kwance ɗankwali, abin da na fara gani shi ne Humaira a bakin zaure, an sauke ta ke nan, da kofin gasa a hannunta. Ta dubi silifas, ta dubi rufi, ta dubi murfin tukunyar uwarta.

"Baba, ka gan ni?"

"Ni na nuna ki," na ce. "Duk wanda ya gan ki a gidan nan, ta hannun nan kika bi." Na so in nuna mata hannun, na tarar dama a sama yake.

"Kada ka damu," ta ce, "sun ce za su maimaita ranar Talata. Sai ka zauna ka kalla."

Na ga idanu suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna kallon rufi, sannan su dawo kaina. Ya Gana ta miƙe daga kujerata, ta gyara lafaya, ta karɓi ɗankwalinta da yatsu biyu. Sai ta dube ni, ni ɗin nan, ido cikin ido, ba ta ko waiwayi Falmata ba.

"Abdulnasir," ta ce, "shekarun nan duka ina neman amfaninka a ƙasa, ashe a sama yake. Ranar Talata zan dawo da ƙawayena. Ka yi shela da wuri."

To kun ji yadda aka yi. Har yau ban ga muhawarar ba, amma duk wanda ya kalla, ta Asabar da ta Talata, ya ce ta fito tar. Yaran layi sun canza mini suna daga Injiniya zuwa Eriya, ni kuwa ban ga raguwa a ciki ba, don injiniyoyi sun yi yawa a garin nan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, da bakinta, a gaban shaidu, surukata ta kira sunana ta ce ina da amfani. Dzarma yana can yana biyan kuɗin dish duk wata. Ku tambaye shi ko tasa surukar ta taɓa gaya masa haka.